Kafin a jona wa mai buguwar ƙwaƙwalwa wuta a gadon baya

Wanda ya faɗo daga babur ya bugu a ka, ya yi mako biyu ko uku bai san inda kansa yake ba, in da sauran shan ruwa ya farfaɗo, murnar 'yan uwa ba ta cika daɗewa ba sai wata damuwar ta biyo baya. An sallame shi, yana gane mutane, yana cin abinci, amma hannun dama ya dunƙule ya manne a ƙirji, ƙafa kuma sai dai ya ja ta, yatsu suna sharar ƙasa. Wata shida, shekara guda, sauƙin da ake gani ya tsaya cak. A irin wannan hali ne bidiyon nan ke faɗowa waya. Ga wani mutum zaune a wani asibitin Turai, an manna masa 'yan faya-fayai biyu a bayan wuya, an kunna wata na'ura, sai ga shi ya ɗaga kofi da hannun da aka ce ya yi shekaru bai moru ba. Wanda duk yake da irin wannan majinyaci a gida, abin da zai tambaya ke nan: ina ake samun wannan, kuma nawa ne?

Fasahar da gaske ce, kuma ina cikin masu ganin tana da makoma. Ana tura wutar lantarki mai auno ta cikin fata zuwa saiwoyin jijiyoyin laka, ba tare da an tsaga kowa ba, a daidai lokacin da majinyaci ke atisayen hannu ko na tafiya. Sai dai hujjar da ta yi ƙarfi a kanta zuwa yanzu ta masu raunin laka ce. Ga masu raunin ƙwaƙwalwa kuwa, abin da aka wallafa bai wuce rahotannin mutum ɗaya ɗaya da ƙananan rukunoni ba. Saboda haka abin da nake kira a kai shi ne a gwada ta a asibitocin koyarwa da tsarin bincike na gaskiya, kyauta ga majinyaci, a kuma hana kowa sayar da ita a matsayin magani ga mai buguwar kai har sai sakamako ya fito.

Mutane da yawa sun ɗauka laka igiyar waya ce kawai, tana kai saƙo daga kai zuwa gaɓoɓi. Ta wuce nan. Tun a 1911 Thomas Graham Brown ya nuna a jikin kyanwa cewa laka, ko an raba ta da ƙwaƙwalwa, tana iya fitar da bugun lanƙwasawa da miƙewa irin na taku. A 1998 Milan Dimitrijevic da abokan aikinsa suka ga irin wannan a jikin mutanen da lakarsu ta yanke gaba ɗaya: da aka tura wuta a kan ɓangaren laka na ƙugu, ƙafafu suka soma motsi mai kama da tafiya. A 2011 aka ba da rahoton Rob Summers a Louisville ta Amurka, wanda ya iya tsayuwa bayan an dasa masa faifan lantarki a kan laka. Duk waɗannan sai da tiyata. Masu bincike a Biyana ta Ostiriya, a 2007, su suka nuna cewa manne, wato ɗan faifan lantarki da ake liƙawa a kan fata, yana iya taɓa saiwoyin da na dashe ke taɓawa. A 2015 kuma Yury Gerasimenko da Reggie Edgerton a Los Angeles suka ba da rahoton maza biyar masu shanyewar ƙafafu waɗanda, suna kwance a gefe ƙafafunsu na rataye, suka iya kaɗa su da niyya kamar masu taku bayan makonni ana yi musu.

Wutar da aka sa a fata, kaɗan ce ƙwarai ke isa cikin lakar kanta, domin fata da tsoka da ƙashi sun tare. Abin da take kamawa shi ne saiwoyin baya, wato manyan jijiyoyin da ke ɗauko labari daga tsoka da gaɓoɓi su shigar da shi laka. Su kuma suna haɗe da ƙwayoyin da ke ba tsoka umarni. In aka riƙa buga su sau 30 a sakan, ƙwayoyin nan sai su zauna a farke, dab da amsawa. A ɗauka mai gadi ne yana gyangyaɗi, maigida kuma ya dawo ba shi da ƙarfin buga ƙofa sai a hankali. Wutar ita ke hana mai gadin barci, har ya ji ɗan ƙwanƙwasawar. In ba wanda ya ƙwanƙwasa, ƙofa ba za ta buɗe ba. Shi ya sa wanda aka jona masa na'ura aka bar shi kwance yana danna waya ɓata lokacinsa kawai aka yi.

Daga nan ake ganin abin da ya ja hankalin likitoci ga mai raunin ƙwaƙwalwa. Lakarsa lafiyarta ƙalau. Hanyar da ta taso daga ɓawon ƙwaƙwalwa ta gangaro, mafi yawanta ta tsallaka ɗaya ɓangaren a gindin kai, ita ce ta sirance, kuma galibi ba ta yanke duka ba. Ke nan akwai sauran mai ƙwanƙwasa ƙofa. A 2023 masu bincike a Pittsburgh sun gwada wannan tunani a kan mata biyu masu shanyewar ɓarin jiki, suka dasa musu siraran wayoyi a lakar wuya na kwana 29, ƙarfin hannu da kamun yatsu suka ƙaru, musamman lokacin da wutar ke kunne. Mutum biyu ne, kuma da tiyata, amma sun nuna cewa farkar da laka na iya taimakon wanda ɓarnarsa ke sama da laka.

Inda nake rabuwa da masu zumuɗi shi ne ɗaukar buguwar kai kamar shanyewar ɓarin jiki ko raunin laka. Mai raunin laka a wuya, in an ce masa ɗauki wannan ƙwallon sau hamsin, ya ji, ya gane, yana so, hannun ne kawai ya ƙi. Wanda kansa ya bugu da kwalta, ƙwaƙwalwar ta girgiza a cikin ƙoƙo, siraran zaruruwan jijiya sun tsittsinke a wurare barkatai. Ƙila ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ta taɓu, sai ka ga yana da ƙarfi amma hannu na karkarwa yana wuce abin da ya nufa. Ƙila kunnen ciki ne, jiri ke kayar da shi. Ƙila yana ganin abu bibbiyu. Sau da yawa goshin ƙwaƙwalwa ne, sai ya kasa riƙe hankali minti biyar, ya manta abin da aka koya masa jiya, ya fusata ya ture tebur, ko ya zauna shiru ba ya fara komai sai an tura shi, 'yan uwa su ce lalaci ne alhali raunin ne. Wuta a laka ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum biyar za su shigo duk suna jan ƙafa, dalilinsu biyar daban-daban, wataƙila ɗaya ko biyu ne matsalarsu ta dace da wannan na'ura.

Akwai kuma abin da ya riga ya ƙage. Gwiwar hannun da ta shekara a lanƙwashe, tsoka da agara sun gajarce, ba wutar da za ta miƙe ta, sai miƙewa a hankali da filasta daki-daki, wani lokaci sai tiyata. Masu mummunar buguwar kai kuma sukan tsiro da ƙashi a inda bai kamata ba, a kewayen ƙugu ko kafaɗa ko gwiwar hannu. Gaɓa ta yi zafi, ta kumbura, ta ƙi motsi. Wannan hoton ƙashi ke nuna shi, kuma duk wanda ya fara jona waya bai duba ba ya yi aikin ganganci.

To mece ce hujjar da ake tinƙaho da ita? Babban gwajin da aka yi shi ne wanda aka wallafa a mujallar Nature Medicine a watan Mayun 2024, ƙarƙashin jagorancin Chet Moritz na Jami'ar Washington, da na'urar ARC-EX ta kamfanin ONWARD. Cibiyoyi 14 ne a Amurka da Kanada da Turai. Mutum 60 masu tsohon raunin lakar wuya suka kammala, wani ma ya shekara 34 da rauninsa. Sun yi wata biyu suna atisaye zalla, sannan wata biyu atisaye tare da wuta, aƙalla zama 12 a wata. Kashi 72 cikin ɗari sun samu ƙarin ƙarfi da ƙarin iya amfani da hannu a mizanin da aka tsara, kuma ba a samu mummunar illa daga na'urar ba. A watan Disambar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izinin amfani da ita. A karanta izinin da kyau: don ƙarfin hannu da jin taɓawa ne ga manya masu tsohon raunin lakar wuya wanda bai yanke duka ba. Babu mai raunin ƙwaƙwalwa a ciki. Gwajin kansa kuma ba shi da rukunin da aka yi wa wutar bogi don kwatance, kowa ya san lokacin da aka kunna masa.

Wani zai ce wannan tsanani ya yi yawa. Tarihin maganin buguwar kai ne ya koya mana shi. Sinadarin furojestaron, wanda jikin mace ke yawan fitarwa lokacin juna biyu, ya yi aiki a jikin ɓeraye, ya yi kyau a ƙananan gwaje-gwajen mutane, har aka fara cewa an samo maganin farko na raunin ƙwaƙwalwa. A 2014 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito, ɗaya da mutum 882, ɗaya da kusan 1,200, duk suka nuna bai fi ruwan bogi da komai ba. Dalilin da ya sa ƙaramin gwaji ke ruɗi a nan a bayyane yake. Mai buguwar kai yana samun sauƙi da kansa, da sauri a wata uku zuwa shida na farko, a hankali har shekara ɗaya ko biyu. Duk abin da ka ba shi a wannan tsakani, ko rubutu ne ko wuta, za a ce shi ya yi aiki.

Yanzu ga yadda zaman yake in masu sani ne ke yi, domin wanda ya san hakan ba a cika cutarsa ba.

Kafin a taɓa na'ura sai an tace. Wanda ke da na'urar daidaita bugun zuciya, ko famfon magani da aka dasa a ciki, ko wata na'urar lantarki a jiki, ba a sa shi. Haka mai juna biyu, da mai ciwon daji ko gyambo a wurin da za a manna. Farfaɗiya kan biyo bayan mummunar buguwar kai, wani sai bayan watanni take fitowa, kuma masu bincike ba sa ɗaukar wanda tasa ba ta lafa da magani ba. Wanda aka sa wa bututun janye ruwan kai, bututun ta gefen wuya yake bi, dole likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya duba ya amince. Dole kuma a ga hoton wuya, saboda haɗarin da ya fasa kai sau da yawa ya taɓa ƙashin wuya, a cikin rububin ceton rai kuma akan tsallake shi. A rubuta magungunan da yake sha. Bakulofen, wanda ake ba masu sandarewar tsoka, yana rage farkawar laka, amma ba a yanke shi kwatsam don a ji daɗin gwaji, yankewar na iya jawo jijjiga da ruɗewa.

Don hannu, majinyaci na zaune, ya ɗan sunkuyar da kai. Ƙashin nan da ya fi fitowa a gindin wuya shi ne na bakwai. Ana ɗora manne mai zagaye, faɗinsa santimita 2.5 zuwa 3, a tsakiyar baya tsakanin na shida da na bakwai, wani kuma sama tsakanin na uku da na huɗu. Don ƙafa, ana dafa saman ƙasusuwan ƙugu biyu, layin da ya haɗa su yana ratsa ƙashin ƙugu na huɗu, daga nan a ƙirga sama har tsakanin ƙashin baya na 11 da na 12. Da yawa sukan yi kuskure a nan su manna a ƙasa, wai ai ƙafa a ƙasa take. Lakar babban mutum tana ƙarewa ne a wajen ƙashin ƙugu na ɗaya ko na biyu, kuma kumburinta mai kula da ƙafafu yana sama da inda ake zato. Manyan manne guda biyu, kamar santimita 5 da 10, su ake ɗorawa a gaban ƙasusuwan ƙugu ko a kan fatar ciki don wutar ta samu hanyar komawa. Ba a taɓa ɗora manne a gaban wuya, inda jijiyar da ke lura da hawan jini take, bugun zuciya na iya faɗuwa.

Fata sai an wanke ta da ruwa da sabulu ta bushe. Basilin ko man kaɗanya da aka shafa da safe, musamman a hunturu, yana hana manne kamawa. In akwai gashi a rage shi da almakashi, reza tana barin ƙananan yanka da wuta ke taruwa a cikinsu. Mannen santimita 2.5 shimfiɗarsa kusan murabba'in santimita 5 ce. In gumi ya ɗaga rabinsa, wutar da aka saita duk za ta bi ta rabin da ya rage, zafinta ya ninka, nan ne ake ƙuna. Shi ya sa ake danne shi da ɗan soso da filasta, ana leƙawa duk bayan minti goma ko sha biyar, ana kuma zubar da wanda dankonsa ya mutu maimakon a yayyafa masa ruwa a ci gaba. A baƙar fata jan da ke gargaɗin ƙuna ba ya saurin fitowa, sai an taɓa da yatsa a ji ɗumi ko tudu. Mai raunin ƙwaƙwalwa kuma ƙila jin taɓawarsa ya ragu, ko maganarsa ba ta fita, ba zai ce ya ji zafi ba. Idon mai aikin ne zai tsaya masa.

Inda ake da na'urar auna motsin tsoka, akwai gwajin da ke tabbatar da an dace da wuri. A tura bugu biyu a jere, tazarar kashi 30 zuwa 50 cikin dubu na sakan. In amsar ta biyu ta ragu sosai, to saiwoyin baya aka kama, abin da ake nema ke nan. In duka biyun sun zo daidai, jijiyar umarni aka buga kai tsaye, sai a matsar da manne. Bayan haka a saita bugu 30 a sakan, kowane bugu tsawon kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wasu na'urori suna cusa wani kaɗawa mai saurin 10,000 a sakan a cikin kowane bugu, da hujjar rage zafi a fata, ko da yake gwaje-gwajen da suka kwatanta sun nuna cewa sai an ƙara ƙarfin wuta sosai kafin a samu amsar tsoka iri ɗaya, ribar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Don sassauta sandarewar ƙafa, masu binciken Biyana sun yi amfani da bugu 50 a sakan na minti 30.

Ƙarfin wuta daga sifili ake farawa, a riƙa ƙara miliyamfa (ma'aunin ƙarfin wuta) biyu zuwa biyar, ana kallon fuska ana kallon hannu. Yawanci yana tsayawa a wasu gomomi, ya danganta da kaurin jiki da irin na'ura. Ana tsayawa ƙasa da inda tsoka ke zabura da kanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa ƙarin wuta ƙarin lafiya ne. In ta yi yawa, tsokar lanƙwasawa da ta miƙewa sai su ɗaure tare, wuya ya sandare, yatsun da ake so su buɗe su ƙara dunƙulewa. Alamar an dace ita ce aikin ya yi sauƙi: ya buɗe hannu ya saki ƙwallo da wuta, abin da ya gagara minti biyu da suka wuce. Saitin zaune kuma ba ya zama na tsaye, domin lanƙwasar baya tana sauya nisan saiwoyi da fata, sai an sake daidaitawa. Ana auna hawan jini kafin a fara, da tsakiyar zama, da ƙarshe. Wasu masu mummunar buguwar kai jikinsu kan tashi haka kawai, zufa ta karyo, zuciya ta yi gudu, jini ya hau. In aka ga haka a kashe.

Sannan aikin kansa, kusan awa guda, sau uku zuwa biyar a mako, na wata biyu ko fiye. Ɗaukar cokali, juya makulli, ɓalle maɓalli, kama buta, tashi daga kujera, taka matakala. A nan ne maganar ta zama ta jama'a. A 2009 Catherine Lang da abokan aikinta sun zauna sun ƙirga abin da ake yi a zaman gashi na masu shanyewar ɓarin jiki a Amurka da Kanada. Suka samu matsakaicin maimaita aikin hannu 32 a zama, taku kuma 357. Dabbobin da aka ga ƙwaƙwalwarsu ta sake tsari a gwaji, ɗaruruwa suke maimaitawa kullum. In a can abin bai kai ba, a yi tunanin ɗakin gashi inda likitan fisiyo ɗaya ke da layin mutum talatin, majinyaci na zuwa sau ɗaya a mako in an samu kuɗin mota. A sa wa wannan majinyaci na'urar da ta fi kowace tsada, ba abin da zai sauya, domin atisayen da wutar za ta ƙarfafa babu shi.

Akwai darasin da ya kamata masu riƙe da kasafin lafiya su haddace. A 2011 aka wallafa gwajin LEAPS a Amurka, mutum 408 masu shanyewar ɓarin jiki. An kwatanta horo a kan injin tafiya mai ɗauke nauyin jiki da atisayen ƙarfi da daidaito wanda likitan fisiyo ke zuwa gida ya yi da mutum. Bayan shekara sakamakon ya zo ɗaya. A watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan ƙarfafa aikin farfaɗo da nakasassu a cikin tsarin lafiya. In gwamnatin jiha tana da kuɗin na'ura goma, ni dai a ɗauki ma'aikatan gashi da su, a kai su manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a sa zaman gashi cikin abin da inshorar lafiya ke biya da yawan da zai yi tasiri. Kuma in ana maganar buguwar kai a ƙasar da babur ya zama abin hawan talaka, hular kwano tana rage raunin kai da kusan kashi 70 cikin ɗari, ba na'urar da ta kusa wannan.

Duk da haka ban yarda da masu cewa mu naɗe hannu sai Turai ta gama ba. Masu irin wannan rauni sun fi yawa a inda haɗarin hanya ya fi yawa, kuma Afirka ce ke kan gaba a yawan mutuwar hanya in aka auna da yawan jama'a. Akwai sassan koyar da fisiyo a jami'o'i irin su Bayero da ta Maiduguri, akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Kano da Zariya da Sakkwato. Fasahar ba ta buƙatar ɗakin tiyata, batir take amfani da shi. Abin da take buƙata tsari ne. A ɗauki waɗanda suka wuce shekara da rauni, waɗanda matsalarsu rashin ƙarfi ne da sandarewa, masu iya bin umarni na rabin awa. A auna su sau uku cikin wata guda kafin a fara, a tabbatar sauƙinsu ya tsaya. A raba su biyu da ƙuri'a, duk su yi atisaye iri ɗaya da yawa ɗaya. Rukuni ɗaya wuta ta gaske, ɗayan a ɗaga ta na ɗan lokaci su ji tsikari sannan a sauke. Mai aunawa kada ya san wa ke ina. Kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, a yi rajistar gwajin a kundin gwaje-gwajen asibiti na Afirka kafin a ɗauki mutum na farko, a kuma wallafa sakamako ko bai yi daɗi ba. Yardar majinyaci ma sai an kula, wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu a yi masa bayani da Hausa a gaban waliyyinsa, a maimaita a wata ranar a ga ko ya riƙe.

Ma'aunan kuwa ba su da tsada. Agogo da layin mita 10 a baranda sun isa auna saurin tafiya. Wanda ke ƙasa da mita 0.4 a sakan tafiyarsa ta cikin gida ce, wanda ya haura 0.8 zai iya zuwa masallaci da kasuwa. Akwai nisan da mutum ke ci a minti shida. Akwai tashi daga kujera, tafiya mita uku, juyowa a zauna. Akwai ma'aunin daidaito na Berg mai maki 56. Don hannu, akwatin katako mai shamaki a tsakiya da 'yan guntayen katako masu santimita 2.5, a ƙirga nawa ya tsallakar a sakan 60, kowane kafinta zai iya ƙera shi. A auna da wuta a kashe, domin abin da ya dami iyali shi ne abin da ya rage a jikin mutum bayan an cire waya, sannan a sake aunawa bayan wata uku.

Masu cewa tunda ba ta da haɗari sosai a bar mutane su gwada da kuɗinsu, ina roƙonsu su dubi wanda ke biyan kuɗin. Uba ne zai sayar da gona, ko mata ta sayar da kayan ɗakinta, kuma kuɗin da ya kamata su biya gashin wata shida za su ƙare a zama goma. Wata ɓarnar ita ce ta 'yar na'urar TENS da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti da intanet. An ƙera ta ne don rage ciwo, bugunta gajere ne, yawanci bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ake amfani da shi a laka ba. Manna ta a baya a kira shi farkar da laka yaudara ce. Hukumar NAFDAC ke da alhakin rajistar na'urorin asibiti a Najeriya, kuma ya kamata rajistar kowace irin wannan na'ura ta faɗi ciwon da aka yarda a yi amfani da ita a kansa, a hukunta mai tallan da ya wuce nan. Hukumar da ke yi wa likitocin fisiyo rajista ita ma ta fitar da ƙa'ida tun yanzu, kafin kasuwar ta buɗe, a kan wanda ya cancanci riƙe na'urar da horon da zai samu.

Iyalin da aka yi wa tayin wannan magani suna da haƙƙin su yi tambaya ba tare da jin nauyi ba. Likita, mene ne sunan na'urar, kuma wane ciwo aka ba ta izini a kansa? Me aka auna a jikin yaron nan kafin a fara, lambar nawa ce, yaushe za a sake aunawa? Wane atisaye zai riƙa yi lokacin da wutar ke kunne, sau nawa a zama? An duba hoton wuyansa, an san yana shan maganin farfaɗiya? Mai aikin gaskiya zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, zai ma ɗauko takarda ya nuna. In kuma an ce bincike ne, to bai kamata a karɓi ko kwabo ba. Masu binciken ne ma ya kamata su sa kuɗin motar majinyaci da mai rakiyarsa a cikin kasafinsu tun farko, domin zama uku a mako na wata huɗu ya kai zuwa da dawowa kusan hamsin, kuma wanda ke tasowa daga ƙauye da ƙafar da ba ta hawa babur, in ba a biya masa mota ba, a mako na uku za a daina ganinsa.